Sau Huɗu Ina Neman Karatun Likita: In Na Karɓi Aikin Jinya, Na Karya Alkawarin da Na Yi wa Allah?

Tambaya

Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni budurwa ce, shekarata 23, 'yar ikkilisiyar ECWA daga wani ƙauye a ƙasar Kafur, Jihar Katsina. Ina ƙaramar sakandare yayata ta rasu wajen haihuwa. Jini ya ɓalle mata da dare, kafin a samo motar da za ta kai ta Malumfashi rai ya yi halinsa. A wani taron FCS, wato ƙungiyar ɗalibai Kirista, na durƙusa na yi wa Allah alkawari zan zama likita, kuma har cikin raina na ji shi ne ya kira ni. Sau huɗu ina rubuta JAMB. Bana na ci 262, duk da haka sunana bai fito ba. Sai ga wata kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta ba ni gurbi, lokacin rajista kuma ya kusa ƙarewa. Iyayenmu na Zumuntar Mata suna cewa in haƙura, nufin Allah ke nan. Wani mai addu'a a gari ya ce gwaggona ce ta ɗaure tauraruwata, in kawo masa naira dubu hamsin na baikon da suke kira "iri", in yi azumin kwana bakwai, baɗi sunana zai fito. Baffana kuwa ya ce boko ya isa haka, ga mai son aurena. Babanmu ya rasu, Inna ce ke riƙe da mu da suyar ƙosai da 'yar gona. Na daina zuwa koyon waƙa, addu'a ma ta gagare ni. Mama, in na karɓi aikin jinya ban karya alkawarina ba? Ba rashin bangaskiya ba ne? Yaya zan gane nufin Allah?

'Yarki cikin Ubangiji

Amsa

'Yata, na amsa gaisuwarki. Ubangiji ya ta'azantar da ke da Inna a kan rashin yayarki da na Baba. Tun da lokacin rajista yana ƙurewa, bari in ba ki amsa tun da fari, dalilai su biyo baya. Ki je ki karɓi gurbin nan. Kada ki kai wa mai addu'ar nan ko kwabo. Maganar aure kuma a jingine ta tukuna. Wannan shawara ce ta uwa, ba wahayi ba ne. Ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Ki kuma sani aikin jinya da ungozoma na yi har na ajiye aiki, ina ƙaunarsa, don haka ki auna maganata da wannan sanin. Amma ko da gurbin koyarwa aka ba ki, yawancin abin da zan faɗa ba zai sake ba.

Da farko ki daina kallon rashin fitar sunanki kamar hukunci daga sama. A jarrabawar JAMB ta 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yarinyar da ta fito daga makarantar ƙauye ta ci 262 ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma wadda aka jefa ba ce. Majalisar da ke kula da likitoci a Najeriya ita ke yanka wa kowace jami'a iyakar ɗaliban likita da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, masu nema kuwa sun ninka guraben nan ninkin ba ninkin. A jami'o'in tarayya ana raba gurbi ne kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Bayan wannan akwai abin da kowa ya sani, na wa ka sani wa ya san ka. Kowace shekara dubban yara masu ƙwaƙwalwa irin taki suna komawa gida hannu rabbana. Ba dukansu ne ke da gwaggo mai asiri ba.

Iyayenki na Zumunta suna ƙaunarki, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Karin Magana 19:21 ta ce shirye-shirye suna da yawa a zuciyar mutum, amma nufin Ubangiji shi ne zai tabbata. Mu ma a gida muna cewa kana naka, Allah yana nasa. Sai dai mun saba amfani da "nufin Allah ne" don mu rufe bakin mai kuka, wani lokaci ma don mu rufe laifin mutane. Ba na jin daɗin a faɗi kalmar nan a kan mutuwar yayarki a kuma yi shiru daga nan. Hakika ranta yana hannun Allah, ba abin da ya faru a bayan idonsa. Amma rashin ungozoma a kusa, da rashin hanya, da rashin mota cikin dare, mutane ne za su amsa tambaya a kansu. Da Yusufu ya tsaya gaban 'yan'uwansa a Farawa 50:20, bai ce musu ba komai, ba ku yi laifi ba. Ya ce ku kun nufe ni da mugunta, amma Allah ya nufe shi da alheri. Ya kira mugunta da sunanta, ya kuma shaida ikon Allah a kanta, cikin numfashi ɗaya. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma a tsakanin nan ba wanda ya zo ya yi masa bayanin inda aka dosa.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce yadda za ki gane nufin Allah. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba abin gida biyu: asirtattun al'amura na Ubangiji Allahnmu ne, waɗanda aka bayyana kuwa namu ne da 'ya'yanmu, domin mu aikata. Ko za ki taɓa rataya abin awon likita a wuyanki, wannan yana cikin asirtattu. Ba ni da shi, faston ku ba shi da shi, mai addu'ar can ma ba shi da shi. Amma abin da aka bayyana yana da yawa, kuma a fili yake: ki girmama mahaifiyarki, kada ki yi shaidar zur a kan kowa, ki yi aiki da hannunki, ki ƙaunaci maƙwabcinki, ki yi gaskiya, ki so jinƙai, ki bi Allahnki da tawali'u. Shekara huɗu kina wahalar da ranki kina son leƙa abin da aka rufe. Allah bai ɓoye nufinsa a wani lungu yana jiran ki yi kuskure ya kama ki ba. Uba ne. Ya ba ki Maganarsa, da hankali, da dattawa, ya ce ki zaɓa cikin tsoronsa, shi zai daidaita hanya.

Yanzu ga abin da na ga ya fi ci miki rai, wato kira da alkawari. Ba zan ce miki abin da kika ji a taron nan ƙarya ne ba. Yarinya ta binne yayarta, ta durƙusa ta ce Ubangiji ka yi amfani da ni kada wata ta sake mutuwa haka. In wannan ba aikin Ruhu ba ne, ban san abin da zan kira aikin Ruhu ba. Amma ina so ki buɗe 2 Sama'ila 7 ki karanta a hankali. Dawuda ya zauna a gidansa na katakon al'ul, ransa ya ƙi kwanciya saboda akwatin alkawari yana cikin alfarwa. Ya gaya wa annabi Natan yana so ya gina wa Ubangiji Haikali. Natan, annabi na gaskiya, ya ce je ka yi duk abin da ke zuciyarka, Ubangiji yana tare da kai. A daren nan maganar Ubangiji ta zo wa Natan cewa ba Dawuda ne zai gina ba, ɗansa ne. Ki duba fa: niyya mai kyau, daga mutumin da Allah ke ƙauna, da goyon bayan annabi, amsa kuma ta zo a'a. Shekaru bayan haka, ranar keɓe Haikalin, Sulemanu ya faɗi abin da Allah ya gaya wa mahaifinsa, yana cikin 1 Sarakuna 8:18: ka yi daidai da ka sa wannan a zuciyarka. Allah ya karɓi niyyar, ya yaba mata, bai kuwa ba shi aikin ba.

Me Dawuda ya yi da wannan a'a? Ya shiga ya zauna a gaban Ubangiji, ya yi addu'a. Daga nan ya tashi ya kama abin da aka bar masa. A 1 Tarihi 22 za ki gan shi yana sa masassaƙa su sassaƙa duwatsu, yana tara baƙin ƙarfe na ƙusoshi, da tagulla, da katako, da zinariya da azurfa. A sura 28 ya miƙa wa Sulemanu zanen ginin, a sura 29 ya ƙara da dukiyarsa ta kansa. Ya ƙare kwanakinsa yana hidima ga ginin da ya san idonsa ba zai gani ba. Abin da ke ransa tun asali shi ne Ubangiji ya sami ɗaki, kuma wannan bai mutu ba ranar da aka ce ba hannunsa ne zai ɗora tubali ba.

Ikkilisiyar da kike ciki ma ta wannan hanya ta zo. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan tamu: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Tawaga ta uku ita ce ta kafa tashar farko a Patigi a 1902, kuma Bingham ba ya cikinta. Yana Kanada yana neman ma'aikata da kuɗi, aikin da ya riƙe har ya rasu a 1942. Daga wannan aiki ECWA ta fito a 1954. Mutumin ya tabbata an kira shi, kuma an kira shi ɗin, amma kujerar da ya zata tasa ce ba ita aka ba shi ba.

To, ki tambayi kanki, ke da Allah: ranar da kika durƙusa, me kika roƙa? A kira ki Dakta, ko matan ƙauyenku su daina mutuwa a kan gwiwa? Ba laifi ba ne son a kira ki Dakta, ba na zarginki. Shekara huɗu 'yan gari suna tsokanarki da sunan, kin saba da shi, rabuwa da shi akwai zafi da kunya. Amma in kin tona ƙasan zuciyarki kika tarar da fuskar yayarki, to ki saurari abin da na sani daga ɗakin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ƙwararren ma'aikacin lafiya ke karɓa, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Abubuwan da suka fi kashe matan nan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga wadda wasu ke kira taune-taune, da doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Waɗanda doguwar naƙuda ta bari da rai kuma, da yawa sai a asibitin Babbar Ruga a Katsina ake gyara musu yoyon fitsari. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Mai tsayar da shi a awa biyun nan ita ce wadda ke tsaye a gefen gado: ta ba da allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, ta murza mahaifa har ta tsuke, ta duba ko mabiyiya ta fita duka, ta sa ƙarin ruwa, ta kuma gane da wuri cewa wannan ya fi ƙarfinta a nemo mota. Ita ce mai auna hawan jini a wata na bakwai ta hango jijjiga tun kafin ta zo. A ƙananan asibitocin ƙauyukanmu wannan mutum ba likita ba ce. Ungozoma ce, in an yi sa'a akwai ta. Ba na cewa da akwai ta a daren nan lalle yayarki za ta rayu. Wannan ma yana cikin asirtattu. Ina cewa gurbin da ke hannunki yana kai ki daidai wurin da aka rasa mutum a daren nan.

Ba zan rufe ki ba, jinya ba likita ba ce. Za a yi ranar da yaron da kuka zauna aji ɗaya, wanda kika fi shi maki, zai shigo ya rubuta umarni ke kuma ki aiwatar. Za ki yi aikin dare, za ki wanke abin da mutane ke kau da kai daga gare shi, albashin kuma ba ya kai wahalar. Ki yi kukan abin da kika rasa, kina da dama. Kuma ba zan yi miki alkawarin cewa daga baya za ki koma karatun likita ba. Hanyar ba a toshe take ba: JAMB tana da ƙa'idar ƙarancin shekaru amma ba ta hana babba zama jarrabawa, kuma na ga waɗanda suka shiga ajin likita da furfura ta fara leƙowa. Mai yiwuwa ke ma haka, mai yiwuwa kuma har abada a'a. Ina so ki shiga kwalejin nan da zuciya ɗaya, kamar wadda za ta tsufa a aikin. Wadda ta shiga tana leƙen taga ba ta zama ungozomar kirki, kuma matan da za su kwanta a gabanki sun cancanci duk hankalinki.

Game da alkawarin, na san kin karanta Mai Hadishi 5, inda aka ce in ka yi wa Allah wa'adi kada ka yi jinkirin cikawa. Tsoron nan naki abu ne mai kyau. Amma mutum yana iya yin wa'adi ne a kan abin da ke hannunsa. Abin da ke hannunki shi ne karatu, da ƙoƙari, da zama jarrabawa, kuma kin biya wannan har sau huɗu, da kuɗin ƙosan Inna. Jerin sunayen jami'a ba ya hannunki. Allah ba ya bin yarinya bashin abin da shi da kansa bai ba ta ba. Ki je gabansa ki faɗa masa a fili: Ubangiji, ga abin da na yi alkawari, ga iyakar ƙarfina, ga abin da ya buɗe, ni taka ce a nan ma. In zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki sami fasto ko matarsa ku yi wannan addu'a tare.

Ko rashin bangaskiya ne ki tsaya a na huɗu? Akwai naciya da Yesu ya yaba, kamar ta gwauruwar nan da alƙali a Luka 18. Amma Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka, ya kuwa daina roƙon ya ci gaba da aiki da ƙayar. Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya faɗi abin da yake so ba ɓoye-ɓoye, a ɗauke masa ƙoƙon, har zufarsa tana ɗiga kamar jini, sa'an nan ya ce ba nufina ba, naka za a yi. Ba wanda zai ce Yesu ya gaza bangaskiya a daren nan. Shi ne kuma ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. To ki yi lissafin. In baɗi sunanki ya fito kina da 24, karatun shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ban da yajin aiki. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. In bai fito ba, kin rasa wancan, kin kuma saki wannan. Karatun jinya shekara uku zuwa huɗu ne. Inna tana tsaye gaban kasko tun asuba, ga ƙannenki a baya. Sanya su cikin lissafi ba son duniya ba ne, yana cikin abin da aka bayyana.

Kuma kada ki ce tun da shirinki ya rushe kin daina shiri. Yakubu 4 bai hana 'yan kasuwan nan cewa za mu je gari kaza mu yi ciniki ba, ya ce su ce in Ubangiji ya yarda. Dubi Inna da gonarta. Ruwan fari ya sauka, ta fita da iri ta shuka, ba ta da takarda daga sama cewa damina za ta kai ƙarshe. In aka yi fari shukar ta ƙone, ta sake neman iri, wani lokaci ma ta sauya, ta sa wake inda ta so dawa. Ba ta zauna a ɗaki tana jiran tabbaci ba, ba ta kuma ce ita ke da ruwan sama ba. Abin da ake nema gare ki ke nan.

Sai mai addu'a. A nan raina ya ɓaci, 'yata, domin na ga gidajen da irin wannan magana ta raba. Mutumin da bai taɓa zama da gwaggonki ba ya ɗora mata maita, ya kuma yanka farashi. Yesu ya ce wa almajiransa kyauta kuka samu, ku bayar kyauta. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai, tun da ka zaci za a sayi baiwar Allah da kuɗi. In kin yarda da zancen nan kika fara kallon 'yar'uwar babanki da wannan ido, kin ɗauki shaidar zur a kan mace ba tare da hujja ko ɗaya ba, kin kuma yanke zumuncin da marayu suka fi kowa bukata. Ki lura da yadda aka gina maganar: in baɗi sunanki ya fito, addu'arsa ce, in bai fito ba, azuminki ne bai cika ba, ko gwaggo ta ƙara ɗauri, a ƙaro kuɗi. Shi ba ya taɓa faɗuwa.

Akwai ayar da muke so, tana jikin kalanda da bayan motoci, Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ba na masifa ba. Gaskiya ce, amma ki koma baya sura ɗaya. Mutanen Yahuza suna bauta a Babila, sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu kowa zai dawo gida. Magana mai daɗi, da ranarta a yanke. Ƙarya ce, kuma a shekarar nan ya mutu. Wasiƙar da Irmiya ya aika ta ce shekara saba'in ne. Ta ce ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a. A cikin wannan wasiƙa, ga mutanen da yawancinsu ba za su sake ganin Urushalima ba, aka rubuta ayar shirin alheri. Duk wanda ya ce miki "baɗi" da sunan Ubangiji, ki tuna wanda ya ce "shekara biyu". Azumi kuwa, in kina so ki yi, ki yi shi don ki nemi fuskar Allah, ba sai kin biya kowa ba.

Baffanki ba maƙiyinki ba ne. Yana ganin 'yar ɗan'uwansa tana zaune shekara huɗu, yana tsoron bakin mutane. Ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ke da Inna, ki nuna masa takardar gurbin, ki ce Baffa ga karatu ya samu, mai ranar farawa da ranar gamawa, ina neman albarkarka. In ana bukata ku tafi da dattijon ikkilisiya da yake jin nauyinsa. Aure abu ne mai daraja, shi ya sa ba a shigarsa don gudun baƙin ciki. In mai neman naki mutumin kirki ne, mai bi, kina kuma sonsa, karatun jinya ba zai kore shi ba. In ya ce sai dai ki zaɓa, ya riga ya gaya miki irin zaman da za ku yi.

Kin ce addu'a ta gagare ki. Ina jin ba addu'a ce ta gagara ba, fushi ne kike da shi da Allah kina tsoron faɗa. Buɗe Zabura 13. Sau huɗu a ayoyi biyu na farko Dawuda yana tambaya, har yaushe, ya Ubangiji? Zabura 88 ma ta ƙare cikin duhu, ba ko kalmar yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. In ba ki da kalmomin kanki, ki karanta waɗannan da murya, safe da yamma. Ki koma koyon waƙa ranar da aka saba, ko da za ki zauna a bencin baya ba ki buɗe baki ba. Kaɗaici yana ƙara wa irin wannan ciwo nauyi. In kuma kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa miki, kada ki riƙe shi ke kaɗai ko kwana ɗaya. Ki gaya wa Inna ko matar fasto, ku je asibiti. Wannan ciwo ne da ake magani, ba zunubi ba ne.

Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar kwalejin tana cikin waɗanda Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da su, domin makarantun bogi sun yi yawa, kuma takardar da majalisar ba ta sani ba ba ta ba da lasisi. In gurbin ta JAMB ya zo, ki shiga CAPS, wato shafin JAMB na karɓar gurbi, ki karɓa da hannunki, kada ki bar wa mai shagon kwamfuta lambobin sirrinki. In makarantar ta gwamnati ce, ki tambayi ofishin ɗalibai ko tana cikin tsarin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Iyayenki na Zumunta da suka ce ki haƙura, ki koma wurinsu da takardar kuɗin makaranta a hannu, ba kunya. Na san matan nan, in sun ga abu a rubuce suna ɗaure ɗankwali su tara. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. In kin gama rajista ki rubuto mini, akwai abubuwan da zan gaya miki game da watannin farko na gwaji, don a nan ake sallamar waɗanda suka shiga da wasa.

Mamanki cikin Ubangiji